Ba Caitlin Clark Kaɗai Ba Ce: Yadda Ƙwallon Kwandon 'Yan Matan Jami'o'in Amurka Ya Tara Jama'a

Ranar Lahadi 7 ga Afrilu 2024, a birnin Cleveland na jihar Ohio, 'yan matan Jami'ar South Carolina suka doke na Jami'ar Iowa da maki 87 da 75, suka ɗauki kofin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka. Mutum miliyan 18.9 ne suka kalli wasan a talabijin. Washegari maza suka buga nasu wasan ƙarshen tsakanin Jami'ar Connecticut, wato UConn, da ta Purdue, aka ƙirga masu kallo miliyan 14.8. Tun da aka fara gasar matan a 1982 ba a taɓa ganin haka ba, a ce mata sun fi maza jan 'yan kallo. Kai, a wannan shekarar ko wasannin ƙarshe na NBA, inda ƙwararru masu albashin miliyoyin daloli ke fafatawa, babu ko ɗaya da ya tara jama'a kamar haka.

Duk wanda ka tambaya dalili, suna ɗaya zai ambata maka: Caitlin Clark, yarinyar Iowa mai jefa ƙwallo daga kusan tsakiyar fili. Ba ƙarya ya yi ba, amma rabin magana ya faɗa. An yi 'yan wasan da suka kai Clark, wasu ma sun fi ta, kafin a haife ta da kuma bayan nan. An yi Cheryl Miller, an yi Diana Taurasi, an yi Candace Parker da Maya Moore da Breanna Stewart. Babu wadda ta tara irin wannan taro. Ni abin da nake gani shi ne, Clark ta zo ne daidai lokacin da aka cire sakatar wata ƙofa da ta daɗe a kulle, kuma wasu ne suka sha wahalar cire ta.

Kafin nan, ga wanda bai saba da tsarin ba. A Amurka wasan jami'a ba irin gasar da ɗalibai ke yi don motsa jiki a ƙarshen zangon karatu ba ne. Harka ce ta kuɗi, da filaye masu cin mutum dubu 15 zuwa 20, da masu horarwa da albashinsu ya ninka na shugaban jami'ar. Hukumar NCAA ce ke kula da harkar, kuma jami'o'in da ke babban rukuninta sun haura 350. Ana fara kaka a watan Nuwamba, kowace jami'a ta yi ta karawa da na ƙungiyar yankinta har zuwa farkon Maris. Daga nan sai a zaɓi wasu daga ciki, 68 ne a 2025, a zuba su a gasar sili ɗaya ƙwale: ranar da aka ci ku, ranar kuke haɗa kaya. Cikin mako biyu an tace su zuwa huɗu, su huɗun su haɗu a gari ɗaya, a fitar da zakara. Wannan watan na sili ɗaya ƙwale shi Amurkawa ke kira March Madness, wato haukan Maris, domin har wanda bai damu da wasan ba sai ka gan shi a ofis yana cike takardar hasashen wa zai ci wa.

Matan sun daɗe a harkar. Tun a 1896 'yan matan Stanford da na Berkeley suka kara, aka tashi 2 da 1. Amma abin da ya sauya lissafi shi ne dokar 1972 da ake kira Title IX, wadda Shugaba Nixon ya sa wa hannu: duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Dokar ba ta ma ambaci wasanni ba, amma a can ta fi yin aiki, domin ta tilasta wa jami'o'i su ba 'yan mata gurbin karatu kyauta saboda wasa, kamar yadda ake ba samari. A shekarun farko mata ne da kansu ke shirya gasarsu, kuma wata 'yar ƙaramar kwalejin Katolika a Pennsylvania mai suna Immaculata ce ta cinye kofi uku na farko. Da NCAA ta ga abin ya fara kankama, sai ta shigo a 1982 ta karɓe.

Bayan haka gidaje biyu suka mamaye fagen na tsawon shekaru. Pat Summitt ta ci kofi 8 da Tennessee, ta yi nasara a wasa 1,098 kafin ciwon mantuwa ya sa ta ajiye aiki a 2012. Geno Auriemma kuma ya mayar da UConn, jami'ar da ke wani ƙauye mai suna Storrs a Connecticut, gagara-badau. Akwai lokacin da suka buga wasa 111 a jere ba a ci su ba, sai a 2017 wata 'yar gajeruwa daga Mississippi State, Morgan William, ta jefa ƙwallo daidai da busa ta kawo ƙarshen abin. A Knoxville da Connecticut filaye na cika maƙil tun a shekarun 1990. Ashe 'yan kallo suna nan. Abin da babu shi ne wanda zai kai wasan gaban sauran jama'a.

Asirin ya tonu ne a watan Maris 2021, ta hanyar wayar hannu. Saboda korona, an killace maza a Indianapolis, mata a San Antonio. Wata 'yar wasan Oregon mai suna Sedona Prince ta ɗauki gajeren bidiyo ta sa a TikTok. Ta nuna ɗakin motsa jikin da aka tanadar wa maza, zaure guda cike da injina da ƙarafa layi-layi. Sai ta nuna nasu: ɗan tarin ƙarafan hannu a kan maratayi ɗaya, shi ke nan, na ƙungiyoyi 64. Hukumar ta riga ta ce ƙarancin wuri ne ya jawo. Prince ba ta yi musu da baki ba, juya kyamara kawai ta yi, sai ga fili fetal babu kowa babu komai. Miliyoyi suka kalla. Kunya ta sa NCAA ta ɗauko wani kamfanin lauyoyi ya yi bincike, kuma rahoton da ya fito a watan Agusta ya fi bidiyon tayar da hankali.

Abu biyu a rahoton sun isa misali. Na farko, sunan nan March Madness, wanda shi ne tambarin da ke sayar da gasar, hukumar ta keɓe shi ga maza kaɗai, ba a rubuta shi a filin mata. Na biyu, gasar maza ana sayar wa gidajen talabijin ita kaɗai a kan abin da ya tasam ma dala biliyan 1 a shekara, ta mata kuwa an cusa ta cikin buhu ɗaya da wasu gasanni fiye da 20, an miƙa wa tashar wasanni ta ESPN duka a kan kimanin dala miliyan 34. Masu binciken suka ƙiyasta cewa ita kaɗai za ta iya kawo tsakanin miliyan 81 zuwa 112 a shekara. Shekara da shekaru ana cewa wasan mata ba ya kawo kuɗi, alhali ba a taɓa kasa shi a faifai an ji nawa za a taya ba. Kamar mai rumfa ne ya ɓoye haja ƙarƙashin tebur, sannan ya riƙa kukan ba a saya.

Daga 2022 aka ba mata sunan, aka ƙara yawan ƙungiyoyinsu daga 64 zuwa 68 kamar na maza. A 2023 kuma aka ɗauke wasan ƙarshe daga tashar da sai mai biyan kuɗin wata ke kamawa, aka kai shi ABC, tashar da kowane gida ke samu kyauta. Rabon da a nuna wasan ƙarshe na mata a irin wannan tasha tun 1995.

Akwai wani dalili da ba a cika kawowa ba, wanda ni a wurina ya fi sauran nauyi. Saurayin da ya yi fice a jami'a shekara ɗaya yake yi, da ya cika 19 ya wuce NBA. Kafin 'yan kallo su riƙe sunansa ya tafi. Mace kuwa, ƙa'idar gasar ƙwararru ta WNBA ta ce 'yar jami'ar Amurka ba ta shiga sai a shekarar da za ta cika 22, ko ta kammala karatu. Ba don a taimaki wasan jami'a aka kafa ƙa'idar ba, kuma za ka iya cewa tauye haƙƙi ce. Amma sakamakonta shi ne tauraruwa na shekara huɗu da riga ɗaya. Ka gan ta tana sabuwar zuwa, ka ga ranar da aka fitar da ita tana kuka, ka ga ta dawo baɗi da gayya. Duk mai bin ƙwallon ƙafa ya san ba iya buga wasa kaɗai ke riƙe mutum a benci ba, tsohuwar gaba ce da sanin tarihin kowa. Wasan maza na jami'a ya rasa wannan, na mata ya same shi a ɓagas.

Sai kuma kuɗi ya shigo ya ƙara ɗaure abin. Kafin 1 ga Yuli 2021, ɗalibi ɗan wasa ba shi da ikon karɓar ko sisi don an yi talla da sunansa ko hotonsa, ko da jami'ar na sayar da riga mai lambarsa. Da aka soke wannan, 'yan matan na cikin waɗanda suka fi iya cin moriyar, don sun riga sun tara mabiya a Instagram da TikTok. Paige Bueckers ta UConn ta ƙulla da Gatorade, Clark da Nike da State Farm, Angel Reese da Reebok. Kamfanonin nan kuwa ba sadaka suke yi ba. Duk tallan da suka sa fuskar yarinya a ciki, tallan wasanta ne na gaba. Idan ka tuna cewa albashin Clark na shekarar farko a WNBA a 2024 dala 76,535 ne kacal, za ka gane cewa zaman jami'a ya daina zama zaman jira.

To, a wannan fili da aka share ne Clark ta sauka. Kuma ba banza ta fito daga Iowa ba. Jiha ce ta manoman masara da ba ta da babbar ƙungiyar ƙwararru ko ɗaya, inda gasar 'yan matan sakandare ta zama al'ada tun zamanin kakanni. Har zuwa 1993 akwai makarantun da ke buga wani tsohon salo na mutum shida-shida, uku a gaba uku a baya, ba mai tsallaka layin tsakiya. Mutanen da suka tashi suna kallon iyayensu mata a fili ba sai an lallashe su ba. A watan Oktoba 2023 jami'ar ta shimfiɗa katakon wasa a filin ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, mutum 55,646 suka fito cikin iska da sanyi don kallon wasan sada zumunci. A Fabrairu 2024 Clark ta karya tarihin yawan maki na mata a babban rukunin NCAA da wata jifa daga kan tambarin tsakiyar fili, ta tashi da maki 49 a daren. A Maris ta wuce Pete Maravich, wanda tarihinsa na maki 3,667 a gasar maza ya tsaya tun 1970. Ta bar jami'a da 3,951.

Amma tauraro ba ya haske shi kaɗai, sai da abokan hamayya. Akwai wani ɗan abu da ya faru wanda nake ganin ya fi duk alƙaluman nan bayyana sirrin. A wasan kusa da na ƙarshe na 2023, Iowa ta haɗu da South Carolina wadda ba a ci ta ko sau ɗaya ba a kakar. Ana cikin wasa ƙwallo ya je hannun Raven Johnson tana tsaye bayan layin maki uku. Clark, wadda ya kamata ta tare ta, ko motsi ba ta yi ba. Hannu kawai ta kaɗa mata, irin na "je ki, ba za ki iya ba", ta juya. Johnson ba ta jefa ba. Bidiyon ya zaga duniya, aka yi ta mata dariya, Iowa ta ci 77 da 73, Clark na da 41. Johnson ta faɗa daga baya cewa ta yi ta maimaita kallon wasan nan, har ta raɗa wa kakar da ta biyo baya suna kakar ramuwa.

Shekara ta zagayo, aka sake haɗuwa, wannan karon a wasan ƙarshe na Cleveland. Clark ta zuba maki 18 a minti goma na farko. Sai Dawn Staley, mai horar da South Carolina, ta ɗora mata Raven Johnson. Daga nan famfo ya ragu. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci, Clark na tafe da ƙwallo a tsakiyar fili, Johnson ta miƙa hannu ta fizge, ta ruga ita kaɗai ta zura. A sauran minti talatin ɗin maki 12 kawai Clark ta ƙara. 'Yan bencin South Carolina sun ci maki 37, na Iowa ba su ci ko ɗaya ba, Kamilla Cardoso 'yar Brazil kuma ta kwashe ƙwallo 17 daga jikin kwando. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da a wasan maza ne, da wuya a samu wannan labari, don ɗaya daga cikin biyun ta riga ta tafi.

Ba zan tsallake ɓangaren da ba shi da daɗi ba. A wasan ƙarshe na 2023, da jami'ar LSU ta jihar Louisiana ta lallasa Iowa 102 da 85 a gaban masu kallo miliyan 9.9, Angel Reese ta LSU ta bi Clark tana kaɗa tafin hannu a fuska tana nuna yatsan da za a sa mata zoben zakara. Clark ta yi irin wannan kaɗa hannun a wani wasa kwanaki kaɗan kafin nan, aka ce jarumta ce. Da Reese, baƙar fata, ta yi, sai aka ce rashin tarbiyya. Uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Jill Biden, ta ƙara wa wutar fetur da ta ce a gayyaci Iowa ma zuwa fadar White House, abin da ba a saba yi wa wanda ya sha kashi ba. Ita Clark da bakinta ta ce ba ta ga laifin Reese ba, amma an riga an mayar da su tutar faɗan launin fata. Wani kaso na sababbin 'yan kallon wannan rigima ce ta kawo su, ba ƙwallo ba. Da suka sake haɗuwa a 2024, mutum miliyan 12.3 suka kalla, kuma ba wasan ƙarshe ba ne.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Clark da Reese da Cardoso duk sun wuce WNBA a 2024. Wasan ƙarshe na 2025 a Tampa, tsakanin UConn da South Carolina, ya samu masu kallo kimanin miliyan 8.5. Masu cewa dama guguwa ce suka ce ga shi nan, fiye da rabi sun watse. Ni ba haka na karanta shi ba. Ƙungiyoyin nan biyu su ne suka buga wasan ƙarshe a 2022, kuma a lokacin masu kallo ba su kai miliyan 5 ba. Ga shi wasan 2025 tun kafin zango na huɗu an san inda ya dosa, an tashi 82 da 59. Ambaliya ta janye, amma kogin bai koma tsohon bakinsa ba. Miliyan 18.9 na Clark ne, miliyan 8.5 na wasan ne.

Su wa ke da ƙarfin ɗaukar kofin a wannan sabon zamani? Sunayen ba su da yawa, kuma na farko shi ne gidan Dawn Staley. 'Yar unguwar talakawa ce a arewacin Philadelphia, ta ci zinare uku a gasar Olympics tana 'yar wasa, ta zo South Carolina a 2008 lokacin da ba a lissafi da jami'ar. Ta ci kofi a 2017 da 2022 da 2024. Na 2024 ya fi ban mamaki: duk 'yan wasanta biyar na sahun farko sun tafi, ta ɗauko waɗanda ke zaman benci ta buga wasa 38 ba a ci ta ba. Salonta ba ɓoyayye ba ne, dogaye a ƙarƙashin kwando, tsaro mai shaƙe numfashi, da benci mai zurfi ta yadda in ta fitar da mutum ba ka ganin giɓi. Sai ta shawo kan yarinyar da za ta iya zama sarauniya a wata jami'a ta yarda da minti 20 a wasa. Tun 2015 babu jami'ar da ke cika fili kamar tata, kuma a Janairu 2025 aka sabunta mata kwantiragin kimanin dala miliyan 4 a shekara.

UConn kuma an yi zaton zamaninta ya wuce. Shekara tara ba kofi, daga 2016 zuwa 2025, ga rauni kamar an yi musu baki. Bueckers ta rasa kakar 2022 zuwa 2023 gaba ɗaya saboda tsinkewar jijiyar gwiwa, tana dawowa Azzi Fudd ta kwanta da irin ciwon. Sai a 2025 suka samu tsayawa tare da ƙafafunsu, kuma abin da suka yi wa mutane ba kyau: jami'ar UCLA ta Los Angeles ta sha 85 da 51 a kusa da na ƙarshe, South Carolina ta sha da ratar 23. Auriemma, yana da shekara 71, ya ɗaga kofi na 12. Bueckers ta tafi ƙungiyar Dallas ta WNBA a matsayin zaɓin farko, amma wadda ta fi tsorata sauran masu horarwa a daren nan 'yar shekarar farko ce, Sarah Strong, mai maki 24 da kwasar ƙwallo 15. Ba ta da hayaniya, fuskarta ba ta nuna komai, tana jefawa daga nesa kamar ƙaramar 'yar wasa, tana turereniya a ciki kamar babba. Mahaifiyarta, Allison Feaster, ita ce ta jagoranci Harvard a 1998 suka fitar da Stanford a zagayen farko, karon farko da ƙungiyar da aka sa a ta 16, wato ta ƙarshe a jerin ƙarfi na rukuninta, ta kayar da ta 1.

Bayan waɗannan biyu, a ƙarshen kakar 2025 akwai masu ƙwanƙwasa ƙofa. UCLA ta Cori Close ta gina komai a kan Lauren Betts, mai tsawon da ya ɗan haura mita 2, wadda ta baro Stanford bayan shekara ɗaya, kuma a 2025 suka kai zagayen huɗun ƙarshe na NCAA karo na farko. Texas na hannun Vic Schaefer, mutumin da ya kai Mississippi State wasan ƙarshe sau biyu a jere, 2017 da 2018, ya dawo hannu rabbana. Ƙungiyoyinsa na matsa wa abokin karawa tun daga layin ƙarshe, ga Madison Booker mai iya cin maki ta ko'ina, sai dai ba sa son jifar nesa, kuma a Maris wannan kan zame musu ƙaya. LSU tana da Kim Mulkey, mai rigunan ƙyalƙyali da kaifin harshe, wadda ta ci kofi uku da Baylor kafin na 2023. Ba kowa ke son ta ba, amma ba wanda ke son a haɗa shi rukuni ɗaya da ita. USC, wato Jami'ar Southern California, kuwa labarinta ya rataya ne a gwiwa ɗaya. JuJu Watkins, wadda ta ci maki 920 a shekararta ta farko, ta taɓa zuba wa Stanford 51 a dare ɗaya, ita aka sa ran za ta gaji Clark wajen jan jama'a. A zagaye na biyu na gasar 2025 ta faɗi tana riƙe da gwiwa, jijiya ta tsinke.

Abin da ya ƙara dama lissafi shi ne sauya sheƙa. Da can in ɗaliba ta canja jami'a sai ta zauna shekara guda ba ta buga wasa. Daga 2021 aka sassauta, yanzu duk bazara kasuwa ce ke ci. Reese daga Maryland ta je LSU, Cardoso daga Syracuse ta je South Carolina. A 2025 Ta'Niya Latson, wadda ta fi kowa cin maki a ƙasar, ta bar Florida State ta koma wurin Staley, MiLaysia Fulwiley kuma ta bar Staley ta koma wurin Mulkey, babbar abokiyar hamayyarta. Olivia Miles ta Notre Dame, wadda ake hasashen za a ɗauka cikin ukun farko a WNBA, ta ce a'a, ta koma jami'ar TCU da ke Texas ta ƙara shekara. Wannan ya nuna inda kuɗin yake a lokacin.

Ana yawan cewa wannan kasuwa ta baza gwanaye ko'ina, gasa ta zama ta kowa. Gaskiya ce a tsakiya, ba a sama ba. Ƙananan jami'o'i sun koma gonar renon iri: su gano yarinya, su horar da ita shekara biyu, mai kuɗi ya zo ya ɗauke. Har zuwa 2025, babu ƙungiyar da aka sa ƙasa da ta 3 a rukuninta da ta taɓa cin kofin mata. Ga kuma tsarin da ke ba manyan ƙungiyoyi 16 damar buga zagaye biyu na farko a gidansu. Yana cika fili, amma yana rage irin ba-zatan da ya sa gasar maza ta yi suna. Wannan shi ne raunin da na fi gani: makon farko na gasar mata sau da yawa an san sakamakonsa tun kafin a fara.

Batun kuɗi ma tsugune ba ta ƙare ba. A Janairu 2024 ESPN ta sabunta yarjejeniya a kan dala miliyan 920 na shekara 8, aka ƙiyasta rabon ƙwallon kwandon mata a kan miliyan 65 a shekara. Ci gaba ne, amma an sake sayar da shi cikin buhu, kuma an sa hannu wata uku kafin daren miliyan 18.9. Wanda ya saya ya yi dace. A Janairu 2025 aka amince a fara biyan ƙungiyoyin yanki lada bisa nisan da jami'o'insu suka kai a gasar mata, an fara da dala miliyan 15, alhali maza sun shafe shekaru suna raba fiye da miliyan 200. A Yuni 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasa kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 kowace jami'a a shekara. A yawancin manyan jami'o'in, ƙwallon zari-ruga ke kwashe kusan kashi 75 cikin 100, ƙwallon kwandon mata ya tashi da wajen kashi 5.

Mu ma ta wani gefen abin ya shafe mu. Arike Ogunbowale, wadda ta ci wa Notre Dame kofin 2018 da jifa biyu na daƙiƙar ƙarshe cikin kwana uku, ɗaya a kan UConn ɗaya a kan Mississippi State, mahaifinta ɗan Najeriya ne. Nneka da Chiney Ogwumike sun yi tashe a Stanford. Da yawa daga cikin 'yan D'Tigress, tawagar ƙwallon kwandon matan Najeriya, a waɗannan jami'o'i aka ƙera su: Amy Okonkwo a TCU, Ezinne Kalu a Savannah State, ita kanta mai horar da su Rena Wakama ta buga wa Western Carolina. Su ne suka doke Ostareliya da Kanada a Paris a 2024, suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen takwas na ƙarshe a ƙwallon kwandon Olympics, sannan a 2025 suka ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere a Abidjan.

Abin da nake sa wa ido yanzu ba wace ce sabuwar Clark ba ne. Ƙa'idar nan ta shekara 22 nake kallo. Kuɗi na ƙaruwa a WNBA, ƙungiyoyi na ƙaruwa, kuma wata rana wata yarinya mai irin baiwar Watkins ko Strong za ta tambayi dalilin da zai sa ta jira shekara huɗu tana kasadar gwiwarta, alhali saurayin da suka shiga aji tare ya tafi tun yana 19. Ba ni da amsar da zan ba ta. Ranar da ta yi nasara, jami'o'in za su rasa abin da ya haɗa Raven Johnson da Caitlin Clark a fili ɗaya shekara biyu a jere.